Bugambiliya, lalle, kariya, binka, hibiskus ko wardi: wanne zai jure bazarar Garwa da Marwa a tsakar gidanka?

Idan damina ta zauna, masu renon tsire-tsire sukan jera ledoji da robobi a bakin titi, komai kore shar, kowane fure yana ɗaukar ido. A lokacin ne yawancin mutane ke saye, kuma a nan zaɓi yake karkacewa, domin a watan Agusta kusan duk abin da ka kafa a ƙasa zai tsira. Watan Afrilu ne yake yanke wa fure hukunci a ƙasarmu, arewacin Kamaru. A Garwa zafi yakan haura digiri 40 a Maris da Afrilu, ruwan sama kuma kusan milimita 1,000 ne a shekara, yawancinsa tsakanin Mayu da Oktoba. Marwa ba ta kai haka ba, wajen 800 take samu cikin 'yan watanni. Kuseri da Njamena kuwa tsakanin 500 da 600 ne. Ma'ana, rabin shekara ko fiye, kai ne daminar furenka.

Saboda haka na ɗauki furanni shida da aka fi gani a gidajenmu, na auna kowanne da sikeli ɗaya.

Abin da za a auna da shi

Na farko kuma mafi nauyi shi ne ruwa. Kafin ka tambayi kuɗin fure, tambayi kanka jarka nawa ta lita 20 za ka iya ware masa a mako idan bazara ta tsananta, famfo ya ɗauke, 'yan ga-ruwa suka ƙara kuɗi, rijiya ta yi ƙasa. Wanda ke da rijiyar burtsatse a gida da wanda ke sayen ruwa a kura ba fure ɗaya ya dace da su ba.

Na biyu kuɗi, kuma iri biyu ne: na saye rana ɗaya, da na riƙo duk shekara, wato taki, maganin ƙwari, tukunya, da ruwan kansa. Sau da yawa na biyun ya fi na farkon ciwo. Na uku ƙarko: shekara nawa zai yi, kuma idan ka yi tafiyar mako biyu za ka tarar da shi da rai? Na huɗu wahalar kula. Na biyar haɗari, kuma wannan ban yarda a ɗauke shi da wasa ba: yara masu rarrafe suna sa komai a baki, awaki da tumakin layya suna ci, gara tana cin saiwa daga ƙasa, ruwan da ya kwanta ƙarƙashin tukunya kuma yana haifar da sauro. Akwai kuma tambayar da ake mantawa: gidan naka ne ko na haya?

Bugambiliya

Asalinsa daga Kudancin Amurka ne, amma ya karɓi ƙasarmu hannu bibbiyu. Shi ne kake gani ya lulluɓe katangu da ja, da ruwan hoda, da fari, da ruwan lemo a tsakiyar rani lokacin da ciyawa ta bushe ƙurmus. Abin da ke ba da launin ganye ne siriri kamar takarda, furen ainihi ɗan ƙarami ne fari a tsakiya. Wannan ya sa launin yake daɗewa makonni bai zube ba.

Wajen kuɗi yana da sauƙi. Dashen da ke leda ba ya tsada, kuma idan maƙwabci yana da shi, reshe mai ƙwari, kaurin yatsa, tsawon taƙi ɗaya ko fiye kaɗan, ya isa. A soka shi a yashi mai laima a inuwa da farkon damina, a yi haƙuri wata ɗaya zuwa biyu. Ba duka ke kamawa ba, don haka a soka da yawa. Wurin da aka fi asararsa shi ne ranar dashe: saiwarsa ba ta son a taɓa ta. Yanka ledar za ka yi da reza, ka sauke dunƙulen ƙasar gaba ɗaya cikin rami, kada ka girgiza.

Ranin farko yana bukatar ban-ruwa sau biyu a mako. Daga shekara ta biyu, idan a ƙasa yake, ban-ruwa mai zurfi sau ɗaya a mako ya wadatar, wani lokaci ma ƙasa da haka. Halinsa yana ruɗa masu tausayi: idan ka cika masa ruwa da takin yuriya, ganye zai yi ta yi babu fure. Sai ya ɗan ji ƙishi, ga rana tun safe har la'asar, sannan yake ɓarkewa da launi. Zai yi shekaru da dama, har ya girmi yaran da aka haifa bayan dasa shi.

Aibinsa uku ne. Ƙaya, mai tsini, wadda ke huda silifa idan an bar yankakkun rassa a ƙasa. Nauyi, domin yakan kayar da zana ko darni, kuma katangar ƙasa ba ta jin daɗinsa a damina. Sai shara: busassun furanni kullum a tsakar gida, uwargida ce za ta faɗa maka gaskiyar wannan. Ƙayar dai tana da rana, don mai niyyar haura katanga yakan sake tunani. Awaki suna cin tohonsa, sai an kare shi har ya fi ƙarfin bakinsu.

Lalle

Mutane da yawa ba sa lissafa lalle cikin furanni, kuma a ganina an tauye masa haƙƙi. Furensa ƙanana ne, farare masu ratsin ɗorawa, ba su da wani kwarjini daga nesa, amma ƙamshinsu da yamma yana cika gida har zaure. Cikin shidan nan babu mai ƙamshinsa sai wardi na gari.

Kusan kyauta ake samunsa. Reshe yana kamawa da sauƙi a damina. Irinsa yana da tauri, sai an jiƙa shi kwanaki kafin a shuka. Ya saba da zafi da ƙarancin ruwa tun kaka da kakanni, ya kuma yarda da ƙasar jigawa da ta laka. Idan ka jera shi tazarar kamu ɗaya ko biyu, cikin shekara biyu ka sami shinge da zai raba madafa da tsakar gida, ko ya tsare bayan ɗaki. Idan an ƙyale shi yakan zama ƙaramar bishiya da ta fi mutum tsawo nesa ba kusa ba, tsofaffin rassa kuma sukan yi tsini.

Abu ɗaya za ka yanke wa kanka: ganye kake so ko fure? Furen a kan bakin rassa yake fitowa, saboda haka duk lokacin da aka aske shi don ƙunshin Sallah ko na biki, an tafi da furen. Mafita ita ce a ware gindi biyu ko uku da almakashi ba zai taɓa ba, sauran a riƙa ɗiba. Wajen haɗari yana cikin masu sauƙi, kuma shi kaɗai ne a jerin nan yake mayar maka da wani abu bayan kallo.

Kariya

Wannan ɗan gida ne. Tana fitowa da kanta a wurare masu duwatsu na yankinmu, da kumburarren gindi inda take ajiye ruwa, kuma a tsakiyar rani, lokacin da ta zubar da ganye, take fitar da furanni masu ruwan hoda da jan baki. Wajen jure ƙishi babu na biyunta. Ban-ruwa sau ɗaya a mako a bazara ya ishe ta, a hunturu ma a rage. Ka yi tafiyar wata guda, za ka dawo ka same ta.

Abin da ke kashe ta ruwa ne. Idan aka dasa ta a baƙar laka irin ta karal, wadda ake shuka masakwa a cikinta, ruwan Agusta zai kwanta, gindin ya yi laushi, ya ruɓe daga ciki. Tukunya ta fi mata: kashi biyu yashin mayo, wato na rafi, kashi ɗaya ƙasa, ɗan taki kaɗan, tsakuwa a ƙasa, da huda mai faɗi. Idan ruwa ya yi ta zuba kwana da kwanaki, a janye ta ƙarƙashin rumfa. Girmanta a hankali yake. Wadda aka shuka daga iri ita ke yin gindi mai kyau, ta reshe takan fi saurin fure amma gindin ba ya cika haka. Ƙarama ba ta da tsada, babba mai tsohon gindi tana da kuɗi, haka ma waɗanda aka yi wa aure masu fure ninki-ninki, irin da aka fi renonsu a Tailan. Ina roƙon masu sha'awa da su bar na daji a inda Allah ya tsirar da su. Abin da ya yi shekaru yana girma a jikin dutse bai kamata a tumɓuke shi don ado na ƙofar gida ba, alhali iri yana tsirowa cikin kwanaki.

Haɗarinta babba ne, kuma dole a faɗe shi ƙarara. Ruwan da ke fita idan an karya reshe dafi ne mai taɓa zuciya. Mafarauta a sassan Afirka sun daɗe suna shafa shi a kibiya. A wanke hannu bayan an yanke ta, kada ya shiga ido, kada a bar yankakken reshe inda dabba za ta kai. Gidan da ke da yaro mai rarrafe, ko dai a ɗora ta can sama inda hannu ba ya kaiwa, ko a haƙura sai ya yi wayo.

Binka

Ɗan gajeren tsiro ne mai ganye mai sheƙi da fure mai kunne biyar, fari ko ruwan hoda ko shunayya. Daga Madagaska ya fito. Shi ne mafi arha, kuma da zarar ka sami gindi ɗaya ka gama saye, don yana zubar da iri ya tsiro da kansa har a tsagar siminti. Yana fure kusan duk shekara, rana ba ta ba shi tsoro, ruwan alwala ma ya ishe shi idan a ƙasa yake. Bayan shekara biyu ko uku yakan yi dogayen ƙafafu ya rame, sai a cire a bar 'ya'yansa. A riƙa tsinke kan reshe yana ƙarami don ya yi cunkus. Ƙasa mai riƙe ruwa tana ruɓar masa da saiwa, shi ke nan matsalarsa.

Awaki ba su cika kula shi ba saboda ɗaci. Amma a sani, daga wannan tsiro ne aka samo wasu magunguna masu ƙarfi na cutar daji da likitoci ke aunawa da tsananin kula. Wasu suna dafa ganyensa su sha wai don ciwon suga. Kada a yi, kuma kada a bar yara su tauna.

Hibiskus

Dangin yakuwa ne da kuɓewa da rama, kuma idan ka dubi furen za ka ga kamannin. Furensa babba ne, ja jawur ko ɗorawa, kowanne kwana ɗaya ko biyu yake yi ya faɗi, wani ya maye gurbinsa. A damina da kaka babu abin da ya fi shi ƙawata tsakar gida. Kuɗin sayensa matsakaici ne, reshe ma yana kamawa.

Sai dai mashayin ruwa ne. A bazara kullum yake so, wanda ke tukunya ma safe da yamma. Kwana biyu babu ruwa, ganye ya lanƙwashe, ƙullin furen ya zube tun bai buɗe ba. Ranar safe yake so da inuwar la'asar, wato gabashin ɗaki ko katanga. Kada ka ce za ka sa shi a gindin dogon yaro don inuwa, saiwar bishiyar za ta shanye duk abin da ka zuba. Ƙwari ma suna sonsa: darɓa a kan toho, da farin ƙwaron nan mai kama da auduga da ke maƙalewa a hammatar ganye. Ruwan sabulun wanki na sanda, ɗan kaɗan a cikin lita guda, ko ruwan da aka jiƙa dakakkun 'ya'yan dogon yaro ya kwana, a fesa da yamma duk mako, yana rage su. Ba shi da dafi, shi ya sa hankali ke kwanciya da shi a gidan yara, kuma shi ya sa akuya ke gamawa da shi cikin sa'a ɗaya idan aka bar ƙofa a buɗe.

Wardi

Kowa yana sonsa, ni ma haka. Amma a Garwa, Marwa da Kuseri, wardi baƙo ne da ake lallaɓawa. Shi ne mafi tsada a saye, musamman wanda aka yi wa aure, kuma shi ne mafi tsada a riƙe: ƙasa mai taki sosai, ruwa a kai a kai, ɗan takin zamani irin NPK 20-10-10 lokaci zuwa lokaci, da ido a kansa kullum. Lokacin jin daɗinsa daga Nuwamba ne zuwa Fabrairu. Idan aka rage masa rassa bayan ɗaukewar ruwa, aka ƙara taki, sanyin hunturu yakan ba da fure mai girma da ƙamshi. Daga Maris furen yakan ƙanƙance, gefensa ya ƙone. Ƙurar hunturu da bushewar iska suna jawo wasu mitsi-mitsin ƙwari masu saƙa a bayan ganye, sai an riƙa wanke ganyen da sassafe. Damina kuma tana kawo baƙin tabo da zubar ganye. Duk tohon da ya fito daga ƙasan wurin auren a cire shi, in ba haka ba zai ƙwace ƙarfin ya bar ka da wardin da ba shi ka saya ba.

A Gaundare, babban birnin Adamawa ta Kamaru, labarin ya sha bamban. Garin yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,100, ruwan sama wajen milimita 1,500, dare da sanyi. Wardin da ke fama a Marwa, a can yana walawa. Don haka idan ka ga kyakkyawan dashe an kawo daga kudu ko daga Adamawa, ka tuna ba a zafin garinku ya yi wannan kyan ba.

| Fure | Kuɗin farawa | Ruwa a bazara | Ƙarko | Wahalar kula | Haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Bugambiliya | Kaɗan, ko reshe kyauta | Kaɗan bayan shekarar farko | Shekaru masu yawa | Aski da shara | Ƙaya, nauyi a kan shinge |
| Lalle | Kusan kyauta | Kaɗan | Shekaru masu yawa | Sauƙi | Ƙanƙani |
| Kariya | Ƙarama da arha, babba da tsada | Kaɗan ƙwarai | Shekaru masu yawa idan ba ta ruɓe ba | Sauƙi, sai tsaron ruwan damina | Dafi |
| Binka | Mafi arha | Kaɗan zuwa matsakaici | Shekara 2 zuwa 3, yana sabunta kansa | Mafi sauƙi | Illa idan an ci ko an sha |
| Hibiskus | Matsakaici | Kullum | Shekaru, muddin ruwa bai yanke ba | Ƙwari da ban-ruwa | Awaki |
| Wardi | Mafi tsada | Kullum | Gajere a yankin zafi | Mafi wahala | Ƙaya, asarar kuɗi |

Da gangan na bar oliyanda, wanda masu sayarwa ke kira loriye. Yana jure zafi, yana da kyau, amma ganyensa, furensa, itacensa, har hayaƙinsa idan an ƙona, duk dafi ne, kuma busasshen ganyensa da ya faɗa cikin harawa yana iya kashe dabba. Bakin titi ya dace da shi, ban da gidan da ake kiwo.

Abin da ya haɗa su duka

Lokacin dashe shi ne farkon damina, Yuni a yawancin wurare, don saiwa ta yi nisa kafin rani. Taki ya zama ruɓaɓɓe wanda ya daina zafi da wari. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa, busasshen kashin shanu da bai ruɓe ba kuma gayyatar gara ne. Haka ma ciyawar da ake shimfiɗawa a gindi don riƙe laima: tana da amfani sosai a bazara, amma a bar tazarar yatsu huɗu tsakaninta da kara, a riƙa ɗagawa ana dubawa, a ɗan barbaɗa toka. Ban-ruwa da asuba ko bayan la'asar, a gindi, mai zurfi, ya fi yayyafin sama kullum. Ruwan alwala da na wankin shinkafa ko gero kada ya tafi kwata. Na Omo da mai sinadarin farar da tufafi kuwa a nisanta shi da shuka.

Tukunyar ƙasa ta fi baƙar roba, domin robar tana ɗaukar zafi ta dafa saiwa idan tana kan siminti da rana. Akwai kuma tsohuwar dabara da ta dace da hibiskus da wardi: a binne ƙaramin tulu a gefen gindi har wuya, a cika shi, a rufe baki da murfi. Ruwan zai riƙa tsattsafowa a hankali inda saiwa take, murfin kuma ya hana sauro. Duk kwanon da aka sa ƙarƙashin tukunya a zubar da ruwansa kullum.

Wanne ga wa?

Idan gidanka ne, katangar bulo ce, kana kuma sayen ruwa, bugambiliya a jikin katanga da lalle daga ciki su ne zaɓina ba tare da jinkiri ba. Shekarar farko kawai za ka wahala.

Idan haya kake, kada ka binne kuɗinka a ƙasar wani. Kariya da binka a tukunya za su bi ka duk inda ka koma, bugambiliya ma yana zama a babbar tukunya ko rabin duro idan ana aske shi.

Idan akwai ƙananan yara, lalle da hibiskus. Kariya ta jira, bugambiliya kuma ya kasance can nesa da inda suke wasa ba takalmi.

Idan ana kiwo a gida kuma babu shinge, binka ne zai fi tsira, sauran duk sai an zagaye su da waya ko ƙaya har su girma.

Mai yawan tafiya, ɗan kasuwa ko direba, kariya ce tasa. Wanda bai taɓa shuka komai ba ya fara da binka damina ɗaya, ya ga yadda ƙasar gidansa ke shan ruwa, sannan ya ƙara. Mai rijiyar da ba ta ƙafewa, da inuwar la'asar, da wanda zai kula idan ba ya nan, ya sa hibiskus yadda ransa ke so. Wardi kuwa, in a Gaundare kake, bismillah. In a Garwa, Marwa ko Njamena ne kuma zuciya ta nace, sayi gindi ɗaya ko biyu kawai a watan Oktoba, ka sa a tukunyar da mutum biyu za su iya ɗagawa, don idan Maris ya shigo a mayar da shi inda rana ba ta kaiwa bayan hantsi.